Targaɗen Osaka da Zinaren Pyeongchang

A Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ƙanƙara abar saye ce. A watan azumi ake fasa ta a zuba a kula don ruwan buɗa baki, kuma duk tsananin hunturu tafki ba ya daskarewa. Targaɗe kuwa kowa ya san shi. Ɗan kokawa zai taka ba daidai ba, idon sawu ya kumbura, mai ɗori ya ja, ya murza, ya ɗaure, ya ce a huta, alhali hankalin mai ƙafar yana kan gasar takobi. Irin wannan ne ya sami wani ɗan Japan, Yuzuru Hanyu, gwanin wasan zamiya a kan ƙanƙara.

An haife shi a Sendai ranar 7 ga Disamba 1994. Yana da shekara 19 ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Sochi ta Rasha, a 2014, ƙarƙashin kocinsa Brian Orser na Toronto. A wannan wasa, mutum yana sa takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasa, kaurinta kamar milimita huɗu. Ya sheƙo da gudu, ya daka tsalle, ya juya sau huɗu a sama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ya dira da baya da baya a kan ƙafa guda. Ƙafar dirar Hanyu ita ce ta dama, ita ke karɓar ninkin nauyin jikinsa a kowace dira.

Ranar 9 ga Nuwamba 2017, yana atisaye a Osaka gabanin gasar NHK, ya gwada tsallen Lutz mai juyi huɗu, wanda bai fi wata guda da fara cin nasararsa a gasa ba. Ya diro a karkace, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, jijiyoyin gefen idon sawu suka ji rauni. Da farko an yi tsammanin makonni uku zuwa huɗu za su isa. Disamba ta shigo, kumburi ya kama jijiya da ƙashi, bai ko taka ƙanƙara ba. Gasar ƙarshe ta Grand Prix ta wuce shi, gasar ƙasar Japan ma haka. Duk da haka hukumar wasan ta ƙasarsa ta sa shi cikin tawagar Olamfik ta Pyeongchang saboda matsayinsa a duniya.

Sai a watan Janairu 2018 ya koma fili, bayan kusan wata biyu. Komawar ta bi daki-daki: zamiya zalla da farko, sannan ƙananan tsalle. Shi da kansa ya shaida wa manema labarai cewa saura kamar mako uku a fara gasar ya koma tsallen Axel mai juyi uku da rabi, masu juyi huɗu kuma saura kamar mako biyu. Ya ƙi shiga gasar rukuni don ya tattala ƙafar. Ya cire Lutz ɗin da ya ja masa rauni daga jerin manyan tsallensa, ya dogara ga Salchow da toe loop, waɗanda jikinsa ya fi sabawa da su. Yana kuma shan maganin kashe zafi.

Ranar 16 ga Fabrairu, a filin Gangneung na Koriya ta Kudu, ya yi gajeren wasansa da kiɗan Chopin ba tare da kuskure ba, ya sami maki 111.68. Washegari a dogon wasa ya yi tangaɗi sau biyu wajen dira, amma bai faɗi ba. Da kiɗa ya tsaya, sai ya sunkuya ya dafa idon sawun nan na dama da hannu, kamar mai yi masa godiya. Jimillar makinsa 317.85. Shoma Uno na Japan ya zo na biyu, Javier Fernández na Sifen na uku. Rabon da namiji ya ci wannan zinare sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka, a 1948 da 1952.

A nan masu ba da labari suka fi son tsayawa, amma ƙafar ba ta gama magana ba. A watan Maris bai je gasar duniya ta Milan ba, yana jinya. A Nuwamba 2018, a Mosko, ya sake faɗuwa a atisayen safe, ya sake targaɗa ƙafar. Ya daure ya yi wasan, ya ci, ya hau dandalin karɓar lamba yana dogara sanduna biyu. Sai Maris 2019 ya dawo, a Saitama, ya zo na biyu bayan Nathan Chen. A Nuwamba 2021 raunin ya sake hana shi gasar NHK. A Olamfik ta Beijin, Fabrairu 2022, ya sake murɗe ta ana gobe dogon wasa, ya gwada Axel mai juyi huɗu da rabi, ya faɗi, ya ƙare na huɗu.

Likitocin ƙashi sun daɗe da sanin dalili. Jijiyar da ta taɓa miƙewa fiye da kima ba ta cika komawa yadda take ba, kuma ƙafar kan rage jin inda take taka. Zafi yakan riga warkewa tafiya, maganin kashe zafi kuma yana ƙara ɓoye gaskiya. Shi ya sa suke matsa wa mai targaɗe ya koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya, ya ƙarfafa tsokokin ƙwauri, kafin ya koma tsalle ko kokawa.

Ranar 19 ga Yuli 2022 Hanyu ya sanar da barin gasa, yana da shekara 27. Bai bar ƙanƙara ba. A Fabrairu 2023 ya yi wasa shi kaɗai a Tokyo Dome gaban mutum 35,000, kuma a kan ƙafar dama ɗin nan ya riƙa dira.