Algus: tarihin wata kalmar kasuwa

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, idan aka sirka nono da ruwa, tsofaffi kan ce an yi masa algus. Yaran yanzu da wuya su furta wannan kalma, sai dai su ce cuta ko jabu. Alhali kuwa algus na ɗauke da ma'anar da waɗannan ba su kai gare ta ba.

Asalin kalmar Larabci ne, al-gishshu, shi ya sa wasu ke cewa algushu. Hausa ta aro ta tare da "al" ɗinta, kamar alƙali da alƙalami. Ta samu gindin zama ne a zaurukan malamai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, ya haramta algus a babin ciniki, ya jera shi tare da ɓoye aibin haja da cakuɗa mai kyau da maras kyau. Tushen hukuncin hadisi ne da Muslim ya ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tulin abincin sayarwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, sai ya tsawata wa mai shi.

Matsalar ta daɗe a kasuwannin Sudan ta Yamma. Shehu Magili, wanda ya ratsa Azbin, ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songhai a 1493. Cikinsu akwai batun masu gauraya zinariya da tagulla, da masu zuba wa nono ruwa. Magili ya ɗora wa sarki nauyin hana su.

Malamai sun bambanta laifuffukan ciniki. Mai tauye mudu ko tiya yawan kaya yake ragewa. Mai zamba amana yake ci. Shi kuwa mai algus yakan bar awo a cike, ya ɓata abin da ke ciki: yashi a buhun gero, tsakuwa a gyaɗa, narkakken sukari a zuma. Ido ya ga daidai, sai an kai gida asiri ya tonu.

Yau algus ya wuce ƙwaryar nono. Ya shiga man fetur na kwalba, da takin zamani, da maganin da ake tallarsa a faranti. A nan rai ne ke kan layi, don ƙwayar da aka rage wa ƙarfi ba ta kashe zazzaɓin yaro.

Halin da ya rasa sunansa yakan samu sabon suna mai daɗi, a kira shi wayo ko dabarar kasuwa. Saboda haka ya dace malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su maido da kalmar cikin darasi da wasan kwaikwayo. Yaron da ya san algus da sunansa, in ya girma ya buɗe shago, ya san abin da hannunsa ke aikatawa.