Rugu da Baban Rafi: Dajin da Yaƙi Ya Haifa, Iyaka Ta Raba

Mahaɗar Bata, tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano, ta samo sunanta ne daga kamfanin takalman da Tomas Bata ya kafa a 1894 a garin Zlin, cikin ƙasar da ake kira Jamhuriyar Cek a yau. Ban da takalma, wannan yanki na Turai yana da wani abin da ya cancanci a duba shi daga ƙasar Hausa, wato yadda ƙasashensa suka haɗa kai a kan tsofaffin dazuzzukansu.

A 2007 hukumar UNESCO ta sanya wasu dazuzzukan tsaunukan Karfatiya, a Sulobakiya da Yukiren, cikin jerin kayan gadon duniya. Dazuzzuka ne na wata doguwar bishiya mai santsin ɓawo da Turawan Ingila ke kira bic, waɗanda gatari bai cika taɓawa ba. Jamus ta shiga a 2011, ƙasashen suka zama 12 a 2017, sannan 18 a 2021, har da Cek. Kowace ƙasa tana riƙe da mallakar nata yankin, amma rajista ɗaya ce, kuma sakacin ƙasa ɗaya yana iya jawo wa sauran zubewar matsayi.

Ƙasar Hausa ma tana da dajin da ya ƙetare iyaka. Dajin Rugu ya ratsa yammacin Jihar Katsina, ta Safana da Batsari da Ɗanmusa da Jibiya, ya shiga Zamfara. A arewa da shi, cikin yankin Madarumfa na Jihar Maraɗi, akwai dajin Baban Rafi. Sunaye biyu ne, amma tarihinsu a sarƙe yake.

Bayan da masu jihadi suka karɓi Birnin Katsina a wajejen 1807, Ummarun Dallaje ya hau mulki, gidan sarautar Haɓe kuma ya yi ƙaura zuwa arewa. Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar cibiya a Maraɗi a wajejen 1819, Gobirawa su ma suka zauna kusa da su a Tsibiri. Daga nan aka shafe shekaru ana kai wa juna hari, musamman a zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi. Mutanen ƙauyukan da ke tsakani suka gudu zuwa garuruwa masu ganuwa, gonaki suka koma saura, saura ta koma ƙungurmin daji. Ke nan wani babban sashe na wannan daji ya tsiro ne a kan kufai.

Da Turawa suka zo, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, kusan a kan wancan tsohon fagen daga. A kudu, Ingilishi suka keɓe gandun daji ƙarƙashin En'e, da malaman daji masu ba da izinin sara da kiwo. A arewa, Faransawa suka shimfiɗa tasu dokar da nasu jami'an. Makiyaya dai ba su fasa bin burtalinsu ba, kuma har ƙarshen ƙarni na 20 giwaye na kai-komo tsakanin Baban Rafi da Nijeriya.

Bayan 'yancin kai a 1960 da rushewar tsarin En'e, kulawar gandun daji ta koma hannun jihohi, ta kuma yi rauni. Noma ya ci gefe, masu itace da gawayi suka ci tsakiya, burtali ya toshe, rigimar manoma da makiyaya ta yi tsami. Inda malamin daji ya daina taka ƙafa, ɗan bindiga ya kafa sansani. A Disamban 2020, ta cikin wannan daji aka bi da ɗalibai fiye da 300 da aka sace daga makarantar Ƙanƙara. Masu satar shanu da garkuwa da mutane suna tsallaka iyakar yadda suka ga dama, alhali jami'an da ke bin sawunsu dole su tsaya a bakin layi.

Tsarin haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a yankin. Gandun W na Nijar ya shiga jerin UNESCO a 1996, aka faɗaɗa shi a 2017 ya haɗa da Arli na Burkina Faso da Panjari na Benin. Sai dai shigar masu ɗauke da makamai cikinsa ta nuna cewa rajista kaɗai ba ta gadin daji. Nijeriya da Nijar kuma suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, ko da yake rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna saurin tsinkewar irin wannan igiya.

Abin da ƙasashen Turai 18 suka yi shi ne amincewa cewa daji ɗaya suke riƙo, kafin su yi maganar doka da kuɗi. Katsina da Maraɗi suna da harshe ɗaya, ga auratayya da kasuwa. Sun daɗe suna raba asarar wannan daji, saura su raba gadinsa: taswira ɗaya, burtali da aka shata tare, da ma'aikatan daji da ke magana da juna.