Labarin gaskiya cikin salon adabi: me ake nufi da shi?

Jama'a, in an ce adabi, akasari tunaninmu yakan tafi ga tatsuniya ko ƙagaggun labarai. To amma akwai wani reshe na rubutun zube wanda duk abin da ke ciki ya faru da gaske, sai dai an tsara shi yadda zai ja mai karatu kamar labari. A cikinsa akwai tarihin rayuwa, da labarin tafiye-tafiye, da dogon rahoton ɗan jarida. Sharaɗinsa guda ne: marubuci na da ikon zaɓen inda zai fara da abin da zai bari, amma ba shi da ikon ƙago mutum ko magana ko aukuwar da ba a yi ba.

A Hausa, ɗaya daga cikin tsofaffin misalan da muke da su na wani ɗan ƙasar Damagaram ne, Dorugu, wanda aka haifa a Dambanas, wajajen Kance. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Barno. Can wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai Dorugu ya bi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim. Sun bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka isa Tumbutu a 1853. A 1855 suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, daga nan sai Ingila.

A Ingila ne Dorugu ya zauna yana ba wani ɗan mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Labarin ya fito a littafin "Magana Hausa" a 1885. Abin da ya sa har yau ake karanta shi, Dorugu ya faɗi abin da idonsa ya gani ne dalla-dalla: rabuwa da iyaye, wahalar hanya, da yadda Turawa ke zaman cin abinci. Kun ga, wannan karon Bahaushe ne ke kallon Turai yana ba da bayani.

Akwai kuma Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau, aka buga da Turanci a 1954. A nan gida Nijar, Boubou Hama ya rubuta "Kotia-Nima" da Faransanci a kan rayuwarsa, ya kuma samu babbar kyautar adabin Afirka da shi.

Muhawarar da masana ke yi ita ce: in wani ya faɗi, wani ya rubuta, muryar wa muke ji? Mai alƙalami ne ke yin tambaya, shi ke datsewa, shi ke fassara. Shi ya sa ake so duk mai ɗaukar labarin tsoho ko tsohuwa ya nemi izini tukuna, ya ajiye muryar da ya naɗa, ya bar kalmomin mai labari yadda suke, ya kuma karanta masa kafin a buga. In tunani ya saɓa da abin da wasu shaidu suka faɗa, a kawo duka biyun, kar a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.