ZARE: Tarihin ɗinkin zaren gilashin da ke ɗauke da cinikin Kasuwar Singa

1/ Jama'a ku matso. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Singa da kaya a gabansa yana jiran alat, wannan zaren nasa ne. Kuɗin nan da muke cewa "na tura, duba" ba a iska kaɗai yake tafiya ba. Daga wayarka zuwa eriyar unguwa ne kawai yake bin iska. Yawancin sauran tafiyar a cikin zaren gilashi yake yi, wato faiba, kuma mutum ne ya zauna ya haɗa ta gaɓa-gaɓa. Tarihin wannan haɗin zan kawo. 🧵

2/ Sunan kasuwar daga Singer ya fito, kamfanin keken ɗinki da aka kafa a Amurka a 1851. Yau ba keke ake nema a can ba. Sukari, fulawa, taliya, madara, man girki, tirela-tirela, wasu har Nijar da Chadi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 cinikin ya ƙara komawa kan tiransifa da POS. Sabis ya ɗauke, ɗan dako na tsaye, direba na tsaki, mai shago ba zai saki kaya ba.

3/ Haɗa waya ya girmi faiba nesa ba kusa ba. A 1851 ɗin nan aka shimfiɗa wayar tangarahu a ƙarƙashin ruwa tsakanin Ingila da Faransa. A 1886 irinta ta iso Legas. Farkon shekarun 1900 Turawa suka ja layi zuwa Arewa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Duk jan ƙarfe ne. In ta tsinke, a fere baki biyu, a murɗe su da filaya, a zuba dalma, shi ke nan. Lantarki ba shi da tsirfa, ƙarfe ya taɓa ƙarfe ya wuce. Har zamanin NITEL, da aka kafa a 1985, layukan gidajen da ke farawa da 064 haka ake gyara su. Ku tambayi iyayenku.

4/ A 1966 Charles Kao da George Hockham, a wani ɗakin bincike a Ingila, suka ce haske zai iya ɗaukar saƙo a cikin gilashi in aka tace gilashin sosai. Ƙa'idar da suka sa: ko kashi 1 cikin 100 na hasken ya rage bayan kilomita ɗaya, an yi nasara. A 1970 kamfanin Corning ya cimma hakan. Kao bai samu kyautar Nobel ba sai 2009. Faibar yau kuwa sai haske ya yi wajen kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace.

5/ To ga matsalar. Gilashi ba ya murɗuwa, kuma haske ba ya yafiya. Kaurin zaren maikiron 125 ne, kusan silin gashi ɗaya. Amma hanyar da hasken yake bi a tsakiyarsa maikiron 9 ce kacal. Maikiron 1,000 ne milimita ɗaya fa. Wato za ka ɗauko hanyoyi biyu da idonka ba ya gani, ka sa su fuskanci juna daidai wa daida. Ka kauce kaɗan, ko ƙura ɗaya ta shiga tsakani, hasken ya zube.

6/ Shekarun 1970 an gwada dabaru iri-iri. Wasu suka kwantar da zare biyu a cikin wani ɗan kwari, suka ɗiga man da ke karya haske kamar gilashi, suka danne. Wannan dabarar tana nan har yau, don gyaran gaggawa. Wasu suka gwada narkawa da harshen wuta, wasu da leza. Wadda ta yi nasara ita ce tartsatsin lantarki tsakanin tsinke biyu, walda ke nan amma ta gilashi, zafinta wajen digiri 2,000. 'Yan Japan ne suka riƙe kasuwar: Fujikura, Sumitomo, Furukawa. Da farko ma'aikaci ne ke leƙa madubin ƙara girma yana juya kusoshi da hannu. Tsakiyar 1980 aka samu na'ura mai kyamara da ke ganin tsakiyar zaren ta saita da kanta.

7/ Ga yadda ake yi yanzu, don na tsaya na kalli masu yi a bakin titi har suka gaji da tambayata. Za a fara zura ɗan hannun roba mai tsinken ƙarfe a ciki, a ture shi gefe. A fere rigar zaren da filaya ta musamman. A goge da sifirit har ya yi ƙara ƙii. Sai yanka, kuma nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo: ba almakashi ba ne, wata 'yar na'ura ce ke ƙarzar gilashin ta ɓalle shi, bakin ya fito a miƙe, karkatar ba ta kai digiri ɗaya ba. A ɗora biyun a na'urar walda, a rufe. Daƙiƙa goma ba ta cika ba ta narka su sun zama ɗaya, ta rubuta asarar haske a allo, misali 0.02 dB. A jawo hannun robar kan gaɓar, a gasa ya kama, a naɗe a faranti, a rufe cikin tulun baƙar roba da ruwa ba ya shiga.

Zare ɗaya ke nan. Igiyar na iya ɗauke da 24, 48 ko 96, kowanne da launinsa, launi 12 ne ke maimaituwa. Shuɗi da shuɗi, kore da kore. Ka haɗa shuɗi da kore, ka tura saƙon wani gidan wani. Ku ƙiyasta yin wannan a Kano cikin hunturu, ƙura na tashi. Shi ya sa za ku ga sun kafa 'yar tanti ko sun shige bayan mota sun rufe.

8/ Ya ake sanin inda ta tsinke alhali tana binne? OTDR, dabarar da ta fito a 1976. Tana harba haske ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta dawo, ta ce maka matsalar na kilomita kaza da mita kaza.

9/ Mu nan: GSM ya fara a Agustan 2001. Igiyar teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002, NITEL ke riƙe da ita. MainOne ta Funke Opeke da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022. Daga bakin teku sai a jawo ta ƙasa zuwa Arewa. Lissafina na ɗalibi: Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000. In kowane ƙullin igiya kilomita 4 ne, mahaɗa 250 ke nan. Mai zare 48, walda 12,000. Tun kafin a tsinka ko ɗaya.

10/ Kun tuna 14 ga Maris 2024? Kwanakin farko na azumi, lokacin da sukari da madara ke tashi a Singa. Igiyoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a teku ta wajen Kodebuwa. Manhajojin bankuna suka riƙa juyi. Gyaran ya ɗauki makonni, don sai jirgin ruwa ya zo (ɗaya daga cikinsu, Léon Thévenin, daga Kef Tawun ya taso), ya jefa ƙugiya, ya lalubo igiyar, ya jawo ta sama. A cikin jirgin kuma wannan waldar ce dai ta lamba 7.

11/ Amma gaskiya ciwonmu na kullum ba a teku yake ba. Gwamnatin tarayya ta ce an tsinka faiba fiye da sau 50,000 a 2024, wajen 30,000 daga aikin titi. Katafila ta kafta, gari ya yi shiru. Ga masu haƙo ta da dare suna zaton jan ƙarfe ne. Malam, gilashi ne, ko ɗan jari-bola ba zai saya ba. Kowane gyara kuma gaɓa biyu yake ƙarawa, don sai an sa guntu a tsakani, kowace gaɓa tana cin nata hasken. Layin da aka yi ta yi wa faci, ƙarshe sai an sake shi. A 2024 Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. A ganina, in mai kwangila bai ga taswirar abin da ke binne ba kafin ya haƙa, takardar ba za ta tsayar da katafila ba.

12/ Ministan sadarwa Bosun Tijani na maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000. Ku yi amfani da lissafin lamba 9 ku ga yawan waldar. Wa zai yi? A ajinmu mun zana faiba a allo, mun rubuta jarrabawa a kanta, ba mu taɓa riƙe na'urar ba. Ta Japan dalar Amurka dubbai ce, amma akwai 'yan China ƙasa da dala 1,000, sashe ɗaya zai iya saya.

13/ In kun ga igiya a tsinke a bakin kwata, kar ku leƙa bakinta. Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya lalata idon. Guntayen gilashin kuma in suka shige fata, fitar da su aiki ne. Masu aikin a kwalba suke tara su, ko su manna su a jikin salatif.