Daga Widi Naba zuwa gunduma ta 2: yadda aka yi ta yanka Wagadugu

Wani mai karatu mazaunin unguwar Widi a Wagadugu ya aiko mana da tambaya. Ya ce takardun gidan mahaifinsa suna ɗauke da sunan gundumar Baskuy, nasa na yanzu kuwa sun ce gunduma ta 2, alhali gidan bai gusa ko taku ɗaya ba. Wa ke sauya wa unguwa matsayi haka, kuma don me? Sai mun ɗan koma baya kafin amsar ta fito.

Kafin Faransawa su ci garin a 1896, fada ce ta tsara Wagadugu. Mogo Naba, babban sarkin Mosi, yana tsakiya, manyan fadawansa kowa da unguwarsa: Larle Naba mai kula da kaburburan sarakuna, Gunga Naba shugaban dakarun ƙasa, Balum Naba mai riƙe da harkokin cikin fada, sai Widi Naba shugaban mahaya dawakai, kwatankwacin Madawaki a ƙasar Hausa. Baƙo in ya iso, ta hannun masu sarauta yake samun masauki. Ta haka fataken Hausawa masu bin hanyar goro zuwa Gwanja suka kafa zangonsu, wanda ya zama unguwar Zangwetin, kuma Bafaranshen nan Binger ya tarar da su a garin a 1888. An mai da Wagadugu hedikwatar mulkin mallaka a 1919, ta samu magajin gari, Joseph Ouédraogo, a 1956, amma unguwanni suka ci gaba da amsa sunayensu na da, masu unguwanni kuma suna raba fili.

Wanda ya girgiza wannan tsari shi ne Kyaftin Thomas Sankara. Ba a daɗe da juyin juya halin 4 ga Agusta 1983 ba aka soke tsofaffin unguwanni a takardun hukuma, aka yanka birnin gida 30. Kowane yanki aka kira shi sekter, aka ba shi lamba, lambobin suna zagayawa daga tsakiyar gari zuwa bayansa. A kowane sekter aka kafa kwamitin kare juyin juya hali, CDR, mai zaɓaɓɓen wakili.

Har gobe ana jayayya a kan manufar wannan mataki. Masoyan Sankara suna cewa aikin tsara gari ne kawai. Birni ya tumbatsa, rabin jama'a suna zaune a matsugunan da ba a shata ba, babu famfo babu titi, kuma ba za a iya ƙidayar mutane a raba musu filaye ba sai da iyakoki bayyanannu. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin cikin 'yan shekaru an raba filaye sama da 60,000 a Wagadugu, abin da gwamnatocin baya ba su ko kusanta ba. Ɗaya ɓangaren kuwa suna cewa an yi ne don a karya lagon sarakunan Mosi a cikin gidansu.

Ni ina tare da na biyun, kuma ba na ganin faɗin haka cin mutuncin Sankara ne, tunda shi da kansa bai ɓoye ba. A jawabin manufofinsa na 2 ga Oktoba 1983 ya lissafa masu mulkin gargajiya cikin abokan gaban juyin juya hali. A Agustan 1984 aka kafa dokar da ta mai da dukan ƙasa mallakar gwamnati, wato aka ƙwace wa masu sarauta abin da ya fi ba su ƙarfi. Sannan a dubi yadda aka ja layukan: wani sekter ya haɗiye unguwanni da yawa, wata unguwar kuma aka raba ta. Da tsara gari kaɗai ake nufi, ai bin tsofaffin iyakoki ya fi sauƙi. An so ne mai neman takardar shaidar zama, ko mai rigimar katanga da maƙwabcinsa, ya nufi ofishin CDR, ya daina zuwa ƙofar naba.

Ga Hausawan garin abin ya zo da fuska biyu. Ɗan baƙo yana iya samun fili da sunansa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba, wannan ribar ba ƙarama ba ce. Amma tsarin da bai san Widi Naba ba, bai san sarkin zango ko limaminsa ba, su da jama'a suka saba kai wa kuka. Samari riƙe da bindiga suka riƙa yanke hukunci a kan dattawa, har Sankara ya fito ya tsawata wa 'yan CDR a taronsu na ƙasa a 1986. A zamanin ne kuma aka rushe unguwar Bilibambili aka gina rukunin gidajen Cité An III, mazauna tsakiyar gari suka gane cewa hukuma na iya tashin unguwa sukutum.

Bayan kashe Sankara a 15 ga Oktoba 1987 aka watsa CDR, amma aka bar sekter, aka tara su cikin gundumomi biyar: Baskuy, Bogodogo, Bulmiugu, Nongr-Masom da Sig-Nogin. Baskuy ta ɗauki sekter na 1 zuwa na 12, tsohon gari ke nan, har da Widi da Zangwetin. Ga asalin takardun mahaifin mai tambayarmu. A 1995 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Simon Compaoré ya zama magajin gari, ya riƙe kujerar har 2012.

A ƙarƙashin wannan zaɓaɓɓen tsari ne Zangwetin ta faɗi. Gwamnatin Blaise Compaoré ta ɓullo da shirin ZACA don mai da kimanin hekta 85 na tsakiyar gari cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Mazauna suka yi zanga-zanga, ba ta hana komai ba. A 2003 aka rushe Zangwetin da Tiedpalogo da Peuloghin da sassan unguwannin da ke maƙwabtaka da su, aka tashi mutane kusan 12,500, aka ba su diyya da filaye a Ouaga 2000 da Nioko, nesa da kasuwar Rood Woko da suke ci daga gare ta. Filin ya yi shekaru yana zaune fayau. Majalisar gunduma tana nan, kansiloli suna nan, amma daga sama aka yanke hukuncin, kuma unguwar da ta haura shekara ɗari ta watse.

Sauran labarin gajere ne. Dokar 2009 ta sake yanka birnin zuwa gundumomi 12 da sekter 55, ta fara aiki da zaɓen Disamban 2012. Baskuy ta ɓace, Widi da Larle da Hamdalaye suka faɗa gunduma ta 2. An rusa majalisun bayan faɗuwar Blaise a 2014, aka sake zaɓe a 2016, sojoji suka sake rusa su a Fabrairun 2022 suka naɗa kwamitocin riƙo.

To malam mai tambaya, takardunka da na mahaifinka duka daidai suke, ka adana su tare. Ina kuma roƙon dattawan Zangwetin da ke raye, a Nioko suke ko a Widi, su zauna da 'ya'yansu a rubuta sunayen gidaje da masallatai da limaman tsohuwar unguwa tun masu iya faɗa suna nan.