Daga Mafoni Zuwa Molai: Turawan Mishan da Sauyin Al'umma a Ƙasar Barno

Gabatarwa

Mafoni, wadda a yau take ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Maiduguri, ta girmi Yerwa kanta. A nan ne Turawan Ingila suka kafa barikin soja bayan rundunar Kanar Morland ta shigo ƙasar Barno a shekarar 1902, kuma a gefenta ne Shehu Abubakar Garbai ya gina sabon birninsa na Yerwa a 1907. Tun daga wannan lokaci ikon lardin ya taru a hannun maƙwabta biyu, wato Razdan da Shehu. Cikin al'amuran da bakinsu ya zo ɗaya a kai har da hana Turawan mishan yin wa'azi a tsakanin Musulmi.

Wannan maƙala za ta bi sawun abin da wannan hani ya haifar. Hausawa na cewa in hagu ta ƙiya sai a koma dama. Da aka rufe wa 'yan mishan ƙofar fada da ta birni, sai suka nufi mutanen da hukuma ba ta damu da su ba, wato mazauna duwatsun kudancin lardi da kuma kutare. Ta wannan hanya ce suka sauya fuskar ilmi da lafiya da harshe a Barno, sauyin da har yanzu ake cin moriyarsa, ake kuma jin raɗaɗinsa.

Tun Kafin Mulkin Mallaka

Sunan Barno ya daɗe yana jan hankalin Kiristocin Turai. A shekarar 1710 wasu limaman Katolika guda biyu suka taso daga Tarabulus da niyyar isa Barno. Hanya ta bi da su ta Agadas, amma ajali ya riske su a Katsina a 1711, ba su taka ƙasar da suka nufa ba.

Haɗuwa ta farko mai amfani a wani wuri daban ta faru, can Saliyo, inda jiragen yaƙin Ingila suke sauke bayin da suka ƙwato a teku. Cikinsu akwai Ali Aisami Gazirma, ɗan wani malami daga Barno, wanda aka kama a zamanin yaƙe-yaƙen jihadi, aka yi ta cinikinsa har bakin teku, ya sauka Firitawun a 1818. Da shi ne wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Koelle ya zauna shekara da shekaru, har ya wallafa nahawun Barbarci da tarin tatsuniyoyi da karin maganar Barebari a 1854. Haka nan wasu samari biyu, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, waɗanda matafiyin nan Overweg ya fansa, suka bi Barth har Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu ne Schön ya rubuta mafi yawan labaran da ke cikin littafinsa Magana Hausa na 1885. Ke nan tun kafin a aza tubalin majami'a ko ɗaya a Barno, 'yan mishan sun riga sun sa hannu a rubuta Barbarci da Hausa da baƙaƙen boko, kuma malamansu a wannan aiki bayi ne da aka 'yanta. Wannan alama ce ta abin da zai biyo baya.

Ƙofar da Aka Rufe

A shekarar 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar C.M.S. ya ja ayari har Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Wannan ya zama darasi ga Gwamna Lugga, wanda sojojinsa da ma'aikatansa ba su taka kara sun karya ba, kuma ya san ba zai iya riƙe ƙasar ba sai da sarakuna. Saboda haka bayan cin Sakkwato a 1903 ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. Razdanonin da suka biyo baya suka fassara wannan alkawari da cewa ɗan mishan ba zai zauna a ƙasar sarki Musulmi ba sai da izini, izinin kuwa da ƙyar ake ba da shi. In ban da Likita Mila, wanda ya sami gurbi a cikin birnin Zariya a 1905 kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, kusan kowa waje aka yi da shi.

A Barno, inda Musulunci ya shiga fada tun ƙarni na goma sha ɗaya, hanin ya fi tsanani. Misalin Hans Bisha, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya isa hujja. Da rigar mishan ya fara zuwa Arewa, amma sai da ya tuɓe ta ya shiga aikin gwamnati sannan ya sami yin aiki a Barno, daga bisani ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Ilmin boko a Yerwa ya zama aikin gwamnati da En'e, aka taƙaita shi ga yara 'yan kaɗan, galibi 'ya'yan masu sarauta da na ma'aikata. A irin wannan makaranta ta lardi ce Sa Kashim Ibrahim ya yi karatu kafin ya wuce Kwalejin Katsina. Kiristocin da aka fara gani a gari kuwa baƙi ne, akawuna da sojoji da 'yan kasuwa daga kudu, masu yin ibadarsu a tsakaninsu.

Ba a Nijeriya kaɗai Ingilishi suka yi wannan tsari ba. A Sudan ma sun hana wa'azi a arewa, suka raba kudancin ƙasar tsakanin ƙungiyoyin mishan. A Indiya, inda masu manyan ɗarikun gargajiya suka yi kunnen uwar shegu da wa'azin, waɗanda suka karɓe shi da yawa su ne ƙasƙantattun al'umma da mutanen duwatsun Nagaland da Mizoram. Kusan ko'ina labarin ɗaya ne: wanda tsohon tsari ya riƙe da kyau ba ya neman sabo, wanda aka bari a baya shi ne mai saurare.

Ƙarƙashin Tsamiyar Garkiɗa

A shekarar 1923 wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, na Ikilisiyar 'Yan'uwa, suka iso ƙasar Biu. Hukuma ba ta yarda su zauna a garin Biu ba, sai aka tura su Garkiɗa, ƙauyen Bura a bakin kogin Hawul. Ranar 17 ga Maris ta wannan shekara suka yi addu'arsu ta farko a gindin wata tsamiya. Ba su sami abin da sauƙi ba, domin shekara na zagayowa matar Kulp ta rasu, kuma da sunanta aka kira asibitin da aka gina a garin.

Daga Garkiɗa aikin ya bazu zuwa Lassa ta ƙasar Margi, da Marama, da Chibok a 1941. Duk inda suka sauka abu uku suke kafawa: ɗakin ibada, da aji, da ɗakin shan magani. Suka rubuta harsunan Bura da Margi, suka koyar da kafinta da gini da noman shanu, suka buɗe zangon kutare kusa da Garkiɗa a 1929, sannan makarantun Waka kusa da Biu a 1952, inda aka horar da malaman makaranta maza da mata. Yarinya Babura ko Bamargiya ta shiga aji a zamanin da ake ganin karatun boko na mace a matsayin abin mamaki a yawancin lardin.

Sunan ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ya zaga duniya ta hanyar da ba wanda ya so. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na Lassa, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi, aka kai ta Jos ta rasu a can. Da masana suka gano ƙwayar cutar a Amurka, sai suka raɗa mata sunan garin, shi ne zazzaɓin Lassa da muka sani a yau.

Molai: Ƙofar Kutare

Hanyar shiga ƙasar Shehu kanta kuwa, cuta ce ta buɗe ta. Kuturta ta yi yawa a Arewa, En'e-en'e suna da zangunan kutare amma babu likitoci, Turawan gwamnati kuma ba su da kuɗi ko sha'awar aikin. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1930 aka shirya miƙa zangunan ga 'yan mishan. Ƙungiyar S.I.M. ta karɓi Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ƙungiyar S.U.M., wadda Karl Kumm ya kafa a 1904 da manufar tare yaɗuwar Musulunci zuwa kudu, ita ta karɓi Molai, 'yar tazara daga Maiduguri a kan hanyar Dambuwa. Abin da fiye da shekara talatin na roƙo bai samar ba, kuturu ya samar.

A farko magani shi ne allurar man wani itace na Indiya, mai zafi da jinkirin aiki. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka sami ƙwayar dafson, wadda aka gwada shanta a asibitin mishan na Uzuakoli da ke gabashin Nijeriya, sai warkewa ta zama abin da ake gani da ido. Mutumin da danginsa suka fid da rai da shi ya koma gida da takardar sallama, wani ma da iya karatu da sana'a. Da yawa daga cikin waɗanda suka warke sun zama ma'aikatan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Daga Molai ne S.U.M. ta miƙa zuwa duwatsun Gwoza, inda ta gina asibiti a shekarun 1950.

Sai dai dole a faɗi ɗaya gefen. Majinyacin da ba shi da wani wurin zuwa ba ya cikin halin da zai yi gardama da mai ba shi magani. Sarakunan Arewa sun sha kai kuka a kan koyar da addini ga yaran Musulmi da ke zangunan, har hukuma ta gindaya ƙa'idoji a kai. Jinƙai da wa'azi a ƙwarya ɗaya aka dama su, kuma mai tarihi ba shi da ikon ɗaukar ɗaya ya zubar da ɗaya.

Abin da Aka Gada

Gado na farko shi ne harshe. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma da yake harsunan yankin suna da yawa, sai Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da taron majami'u. Shi ya sa Babur da Margi da mutanen Gwoza, waɗanda ba Hausawa ba, suke ibada a ikilisiya mai suna Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ko makamanciyarta. Yaɗuwar Hausa a ƙasar da Barbarci ne harshen mulki aikin kasuwa ne da soja da jirgin ƙasa, wanda ya iso Maiduguri a 1964, amma majami'a ma tana da kasonta.

Na biyu shi ne giɓin ilmi. Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Maiduguri ta zama hedkwata, sai aka wayi gari kaso mai tsoka na malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawuna 'ya'yan kudancin lardi ne. Waɗanda aka raina jiya suka riƙe alƙalami, waɗanda aka ce ana kare addininsu kuma suka tarar an bar su a baya wajen boko. Gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970, amma giɓin bai cike ba, zargin juna kuma ya sami wurin zama.

Na uku shi ne majami'u sun koma hannun 'yan ƙasa. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta sami cin gashin kanta a 1972, Katolika kuma ta mai da Maiduguri mazaunin bishop a 1966. Waɗannan al'ummomi sun sha wuya a tarzomar Fabrairun 2006 da kuma rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ce, kamar yadda dubban Musulmi, har da malamai da masu sarauta, suka rasa rayukansu a hannun ƙungiyar.

Kammalawa

An ce waiwaye adon tafiya. Shawarar da aka yanke tsakanin bariki da fada ta kiyaye martabar addinin mutanen Barno, amma ba a haɗa ta da makarantu da asibitoci isassu ba. 'Yan mishan kuma sun kai magani da karatu inda ba wanda ya kai, tare da manufar da ba su taɓa ɓoyewa ba. Ɗalibin da ke zaune a aji ɗaya na Jami'ar Maiduguri, ko jikan almajirin tsangaya ne ko jikan ɗalibin Waka, magajin wannan tarihi ne baki ɗayansa. Darasin da ke ciki ga hukuma da malamai da masu hali shi ne, duk jama'ar da aka yi watsi da ita, wani zai zo ya ɗauke ta, kuma shi ne zai zaɓa mata alƙibla.