Daga Gafaka zuwa Na'ura: Tarihin Abin Karatu a Zangon Kumasi

Tun kafin Turawa su ci ƙasar Asante akwai masu karatu a Kumasi. A 1817 wani Baturen Ingila, Thomas Bowdich, ya isa fadar Sarki Osei Bonsu, ya tarar da malaman Musulmi suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu da Larabci. Babbansu, Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba, yana da makaranta da almajirai. Abin karatunsu biyu ne: allo ga yaro, takarda ga babba. Allo a wanke a sake rubutu. Takarda kuwa tsada gare ta, domin daga nesa ake kawo ta.

Littafin wancan zamani ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a sake, a ɗaure su da tadarishi, a zura a gafaka. Don kada su rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. Wannan tsari ya dace da rayuwar fataken goro da ke kai da komo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja: gafaka ba ta da nauyi a wuya, kuma malami yana iya raba wa almajirai warƙoƙin littafi guda, kowa ya kwafi nasa. Wasu daga takardun Kumasi na farkon ƙarni na 19 suna nan har yau a ɗakin karatu na masarautar Denmak.

Zangon da aka sani yanzu ya bunƙasa ne daga baya. Yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, Ingila ta mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso a 1903. Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Yarabawa suka taru, Hausa ta zama harshen da kowa ke ji. Waƙoƙin Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, sun zaga zanguna ta hanyar kwafin hannu, da Larabci da ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, da himmar Ivor Wilks da abokan aikinsa, ta riƙa aron irin waɗannan rubuce-rubuce daga gidajen malamai, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su. Daga nan shafin ajami ya fara rayuwa a matsayin hoto.

Boko ya zo da tasa matsalar. A shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a littattafan da ake bugawa a Zariya. Keken rubutu da yawa ba su da su, sai ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari, ɗa ya koma da. Bahaushe yakan gane abin da ake nufi daga jimla. Mai koyo kuwa sai ya haddace kuskure bai sani ba.

Kamfanin Amazon ya fito da Kindle a 2007. A 2010 ƙungiyar Worldreader ta gwada shi da 'yan makaranta a ƙauyen Ayenyah na Ghana. Amma rahoton da UNESCO ta fitar a 2014, wanda ya shafi ƙasashe bakwai har da Ghana da Nijeriya, ya nuna cewa wayar hannu ce ta zama littafin jama'a da dama. Ƙarancin lantarkin da mutanen Ghana ke kira dumsor, wanda ya tsananta a 2015, ya koya wa kowa darajar batir.

Wannan tarihi ne ke nuna wa ɗalibin Hausa inda zai fara. Na'ura irin ta Kindle takan yi makonni ba caji, tana karantuwa a rana, ba ta gajiyar da ido. Ta fi dacewa da littattafan boko masu tsarin EPUB, waɗanda rubutunsu ke bin girman fuskar na'ura. Sai dai akasarin ajami, da tsofaffin littattafan Zariya, hotuna ne a PDF. Shafinsu ba ya lanƙwasuwa, kuma wasulan ajami ƙanana ne, wani lokaci da jar tawada. Irin wannan sai kwamfutar hannu mai faɗin fuska da launi. Waya ta fi arha, tana aljihu kullum, amma sai an yi ta jan shafi hagu da dama. Ko da yake tsarin Unicode ya ƙara haruffan ajamin Hausa a 2020, ba kowace na'ura ke nuna su ba.

Saboda haka kafin ɗalibi ya biya kuɗi, ya kamata ya tafi da takardu biyu na gwaji: shafin boko mai cike da ƙugiya, da hoton shafin ajami. In ƙ ta fito kamar ɗan akwati, ko ɗigon wasali ya ɓace, na'urar ba ta ɗalibin Hausa ba ce, komai kyanta. Malaman Zango ma da wannan ido suke duba takarda: wadda tawada ke nashewa a kanta ba ta shiga gafaka.